NANA ASMA'U 'YAR SHEHU: MU BI SAWUNTA DAGA DEGEL ZUWA HUBBARE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin Nana Asma'u 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙan su da rahama. Sunanta dai ba baƙo ba ne a kunnenku. Makarantu nawa aka sa wa sunanta? 'Yan mata nawa ne a ajinku ake kira Asma'u ko Nana? Amma in aka ce ɗalibi ya faɗi inda aka haife ta, ko ya ambaci sunan waƙa ɗaya daga cikin waƙoƙinta, sai ka ga ya fara sosa ƙeya.

To, wuraren da ta zauna suna nan har yau a jihohin Sakkwato da Kabi. Saboda haka za mu bi su zango-zango kamar yadda ayari ke yi, tun da an ce tafiya mabuɗin ilmi. Ita kanta haka ta yi da tarihin mahaifinta: ta tsara shi cikin waƙar Fulatanci mai suna Filitago, tana bin garuruwan da ya sauka ɗaya bayan ɗaya, kuma aka mayar da waƙar Hausa da sunan Waƙar Gewaye. Abin da muke so ku lura da shi a kowane zango shi ne irin halin da ake ciki a lokacin da take karatu da rubutu.

ZANGO NA ƊAYA: DEGEL

Idan ka bar birnin Sakkwato ka yi arewa zuwa ƙasar Gwadabawa, kusa da garin Cimola, za a nuna maka Degel. Yau in ka je ba za ka tarar da wani babban gari ba. Kufai ne da kaburbura, ciki har da na Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifin Shehu. Amma fiye da shekara 200 da suka wuce, nan ɗalibai suke kwararowa daga Gobir da Zamfara da Kabi da Azbin don ɗaukar karatu. A lokacin Degel tana cikin ƙasar Sarkin Gobir, wanda fadarsa ke Alƙalawa. Shi Shehu an haife shi ne a Marata a 1754, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, amma a Degel ya tashi, nan kuma ya kafa makarantarsa.

A wannan gari aka haifi Nana Asma'u wajen shekarar 1793. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hassan. Kun san dai al'ada, da sai a sa mata Hassana ko Usaina. Shehu kuwa ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar (R.A.), wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (S.A.W.) da mahaifinta abinci a kogo lokacin hijira. Ku riƙe wannan, domin za ku ga yadda ita ma hijira ta same ta tun tana yarinya.

Mahaifiyarta, Maimunatu, ta rasu tun Nana tana ƙarama ƙwarai. Sauran matan Shehu ne suka rene ta, cikinsu har da Hauwa'u, mahaifiyar Muhammadu Bello. Daga nan shaƙuwarta da yayanta Bello ta samo asali, kuma ta ɗore har ƙarshen rayuwarsa. Ashe maraici ba ya hana mutum zama abin da Allah Ya nufe shi da zama, in ya faɗa hannun masu tsoron Allah.

Karatunta kamar naku ya fara: allo da tawada da alƙalami, a rubuta a biya a wanke. Daga Alƙur'ani aka shiga tauhidi da fiƙihu da Larabci. Gidan Shehu kuwa ba gidan hutu ba ne. Mata na daka da niƙa da kaɗi, karatu kuma na tafiya tare da aikin gida.

Kada ku ɗauka kowa ya yarda da karatun mata a wancan zamani. Tun kafin a haifi Nana, lokacin da Shehu ke yawon wa'azi, wani malami mai suna Mustafa Goni ya aika masa da waƙa yana sukar yadda yake barin mata su halarci majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Malam Abdullahi ya mayar da amsa, shi ma cikin waƙa, inda ya nuna cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni. A littafinsa Nurul Albabi kuma Shehu ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da almajiran waje, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san ko hukuncin alwala da salla ba. A irin wannan gida Nana ta buɗe ido. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

ZANGO NA BIYU: GUDU

Da jama'ar Shehu suka yi yawa, sai hankalin sarakunan Gobir ya tashi. Sarki Nafata ya kafa doka cewa kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu shi kaɗai, kada wanda bai gaji Musulunci ba ya shiga, kada maza su naɗa rawani, kada mata su yi lulluɓi. Da ɗansa Yunfa ya hau, abin ya daɗa tsananta. Rundunarsa ta afka wa mutanen Malam Abdussalami a Gimbana, ta biyo da kamammu ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Yunfa ya aiko cewa Shehu ya fita daga garin shi da iyalinsa kaɗai. Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa, ya zaɓi su tashi tare.

A watan Fabrairu na 1804 aka bar Degel aka nufi Gudu, can yamma a bakin iyakar Gobir, kusa da iyakar Nijeriya da Nijar ta yau. Nana tana da kimanin shekara 11. Ke ɗaliba da ke aji huɗu ko biyar, sa'arki ce. Ki kwatanta a ranki: an ce ki ɗauki abin da za ki iya ɗauka, ki bar ɗakin da aka haife ki, ba ki san ranar dawowa ba. Kuma ba su dawo ɗin ba.

To, me kuke tsammani aka fi damuwa da shi cikin kaya? Littattafai. Wani malami Ba'azbine mai suna Agali ya taimaka da raƙuma, aka ɗora littattafan Shehu a kansu. A wancan zamani babu injin ɗab'i a ƙasar nan. Kowane littafi da hannu aka kwafe shi, takarda kuma daga hayin Sahara fatake ke kawo ta da tsada. In littafi ya salwanta, aikin watanni ko shekaru ne ya tafi. Yarinyar da ta ga an bar gidaje da rumbuna amma an ƙi barin littattafai, ai ta sami darasin da ba za ta manta ba.

A Gudu ne jama'a suka yi wa Shehu mubaya'a a gindin wata bishiyar faru, ya zama Amirul Muminina. A watan Yuni na shekarar aka gwabza da rundunar Yunfa a Tafkin Kwatto, Malam Abdullahi na jagorantar jama'a, Allah Ya ba su nasara. Amma wahala tana gaba. Kafin shekarar ta ƙare aka yi yaƙin Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, inda jama'a suka yi babbar asara. An ruwaito cewa cikin waɗanda suka yi shahada akwai mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Daga nan sai yunwa da cuta, ana tashi daga wannan sansani zuwa wancan da mata da yara da tsofaffi, har aka gangara Zamfara, aka zauna a Sabon Gari na 'yan watanni.

Duk wannan da idon Nana aka yi shi. Ta ga zawarawa, ta ga marayu, ta ga ana binne malaman da ta sani. Karatu kuwa bai tsaya ba. A cikin wannan hali ne ma Shehu ya kammala littafinsa Bayanu Wujubil Hijira a 1806.

ZANGO NA UKU: GWANDU DA SIFAWA

A 1805 jama'a suka isa Gwandu, wadda yau take jihar Kabi. Ko a nan ba a sami sakewa nan da nan ba, domin a ƙarshen shekarar an sha kashi a Alwasa, abokan gaba suka biyo har bakin Gwandu kafin a kore su. A Gwandu aka ɗaura wa Nana aure a 1807 da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Bello, wanda daga baya ya zama Wazirinsa. Shi ma malami ne marubuci. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, Yunfa ya mutu, babban yaƙin ya zo ƙarshe.

In Allah Ya kai ka Gwandu, nan kabarin baffanta Malam Abdullahi yake, mai tafsirin nan Liya'ut Tawili da littafin Tazyinul Waraƙati. Ya rasu a 1829, Nana kuma ta yi masa waƙar marsiyya, watau waƙar ta'aziyya da ambaton kyawawan halayen mamaci.

Daga Gwandu Shehu ya koma Sifawa, kudu da Sakkwato a ƙasar Boɗinga, ya zauna kimanin shekara 5 yana koyarwa da rubutu. A wannan tsakani ne ya raba kula da ƙasa tsakanin Malam Abdullahi da Bello, yamma ga ƙanensa, gabas ga ɗansa. A 1812 kuma Bello ya gama littafinsa na tarihi, Infaƙul Maisuri. Shi Bello tun 1809 ya fara gina Sakkwato, Giɗaɗo na tare da shi. Can za mu nufa yanzu.

ZANGO NA HUƊU: SAKKWATO

A cikin tsohon birnin Sakkwato akwai unguwar da ake kira Giɗaɗawa. Daga sunan mijin Nana aka samo sunan, kuma nan ne gidan da ta yi mafi yawan rayuwarta. Gida ne mai yawan baƙi, domin Waziri ke karɓar manzanni da malaman da suka zo daga nesa. Har Baturen Birtaniya mai yawon bincike, Kilafaton, a hannun Giɗaɗo ya sauka da ya zo a 1824.

Shehu ya dawo Sakkwato a 1815, ya rasu a watan Afrilu na 1817. Nana tana da kimanin shekara 24, ga miji ga 'ya'ya ga hidimar babban gida. Duk da haka ta shiga aikin tattara rubuce-rubucen mahaifinta da tsara su. Ku tuna takardun nan sun sha tafiya a bayan raƙuma, sun sha damina a bukkoki, ga gara ga gobara. Da ba a sami masu tsayawa a kansu ba, da yawa daga abin da malamanku ke karantar da ku yau na Shehu da bai iso gare mu ba.

A 1820 ta rubuta Tanbihul Gafilina da Larabci, wanda ke cikin rubuce-rubucenta na farko da aka sani. Daga nan alƙalaminta bai huta ba har fiye da shekara 40. Abin da ya iso gare mu na ayyukanta ya kai wajen 60, mafi yawansu waƙoƙi.

Ta san harsuna huɗu: Larabci da Fulatanci da Hausa da harshen Azbinawa. Da uku na farko ta yi rubutu, kuma kowanne da wanda take nufi da shi. In da malamai take magana sai ta yi Larabci. Da Larabci ta yi wa wani malami da ya zo daga Shingiti, a ƙasar Muritaniya ta yau, waƙar maraba. In da danginta da Fulanin rugage take, sai Fulatanci. In kuwa tana son saƙo ya kai ga talakawa, mata a tsakar gida da mutanen ƙauye, sai ta yi Hausa. Duka kuma da haruffan Larabci ta rubuta su, watau ajamin nan da kuke gani a ɗaya ɓangaren wannan mujalla.

Bari mu ba ku misali biyu. Akwai waƙarta Sunago, gajeriya ce, amma ta jero sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikinta. Matar da ba ta taɓa riƙe allo ba, in ta haddace ta, ta san sunan kowace sura. Da Fulatanci ta fara yin ta, daga baya aka sami ta Hausa. Sai kuma Tabbat Haƙiƙa, wadda asalinta waƙar Shehu ce ta Fulatanci, Nana ta mayar da ita Hausa a 1831. Waƙa ce mai gargaɗi ga masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci da cin hanci da tauye mudu. Ku lura fa, a lokacin danginta ne ke riƙe da mulki. Duk da haka ta sa gargaɗin cikin harshen da talaka zai ji, ya san haƙƙinsa.

Wani abin sha'awa kuma, takan rufe waƙoƙinta da ramzi, watau wata kalma da in ka lissafa adadin haruffanta za ta ba ka shekarar Hijira da aka yi waƙar. Ta haka masana suka san lokacin da ta rubuta da yawa daga cikinsu. Ku tambayi malaminku na Larabci ya nuna muku yadda ake wannan lissafi.

Tsakaninta da Bello kuwa har da waƙa suke magana. Wata rana abokan gaba sun taso wa Sakkwato, hankula sun tashi, sai Bello ya tsara baitoci waɗanda farkon haruffansu ke haɗa ayar nan ta Suratu Alam Nashraha mai bushara da sauƙi tare da tsanani. Nana ita ma ta tsara nata a kan wannan aya da Fulatanci. Ka ji 'yan'uwan da ke ƙarfafa wa juna zuciya da Alƙur'ani.

ZANGO NA BIYAR: WURNO

Arewa maso gabas da Sakkwato, a gefen fadamar gulbin Rima, nan Wurno take. Sarkin Musulmi Bello ne ya gina ta ta zama ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, domin Gobirawa da abokansu ba su daina kawo hari ba. Ya mayar da zamansa can, Waziri kuma ba ya nisa da Sarki, don haka Wurno ta shiga cikin rayuwar Nana. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, Bello ya yi nasara, ta kuma tsara waƙa a kan wannan yaƙi.

A waɗannan shekaru Bello ya rubuta Kitabun Nasiha, inda ya kawo labarin salihan mata na tarihin Musulunci. Nana ta ɗauki abin da ke ciki ta mayar da shi waƙa, wadda ta Hausarta ake kira Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Ta ambaci matan Annabi (S.A.W.) da 'ya'yansa, da irin su Rabi'atul Adawiyya, kana ta haɗa da matan jama'ar Shehu waɗanda mutane suka sani ido da ido. Manufa ita ce mace ta gane cewa salihanci da ilmi ba a can nesa kaɗai suke ba.

Bello ya rasu a Wurno a 1837, nan kuma kabarinsa yake. Rasuwarsa ta girgiza Nana ƙwarai, ta yi masa marsiyya. Daga nan ita da mijinta suka duƙufa wajen rubuta abin da suka gani da idonsu, don kada na baya su manta. Giɗaɗo yana da littafi a kan Shehu mai suna Raulul Jinani, da wani a kan Bello mai suna Alkashfu wal Bayan. Ita kuma ta yi Filitago da muka ambata a farko.

'YAN TARU

Yanzu mun zo kan aikin da ya fi kowanne fito da sunanta. Yaƙe-yaƙe sun bar ƙauyuka cike da mata waɗanda ba su san komai na addini ba. Wasu zawarawa ne, wasu an kamo su ne daga garuruwan da aka ci, sun taso cikin bori, in ciwo ya zo ko haihuwa ta yi wuya can suke komawa. Matar aure mai goyo kuwa ba za ta bar gida ta tafi Sakkwato neman karatu ba. Yaya za a yi ilmi ya kai gare ta?

Dabarar Nana ita ce ta nemi waɗanda tafiya ba ta yi musu wuya: dattijai mata da suka gama haihuwa, da 'yan mata ƙanana da ba su isa aure ba. Kowane ƙauye sai a sami dattijuwa mai hankali da amana ta zama shugaba. Ana kiran ta jaji, sunan da fatake ke kiran mai jan ayari. Nana da kanta ke naɗa jaji, ta ɗora mata malfa, ta naɗe da jan ƙyalle. Akwai hikima a nan. A ƙasar Gobir, Inna, wadda ke shugabantar 'yan bori, ita aka sani da malfa. Sai ga shi alamar da mata suka saba girmamawa ta koma kan mai koyar da salla.

Jaji takan taho da ayarinta a ƙafa, wani lokaci tafiyar kwanaki, suna rera waƙoƙin da suka koya a hanya. Sukan riƙo sadakar da matan ƙauye suka tara, kamar hatsi da zuma da man shanu da zare, Nana kuma ta raba wa mabukata. Su zauna gabanta ta biya musu waƙa har ta zauna a ka, ta warware musu ma'ana, su kawo tambayoyin da matan gida suka aiko da su, ta amsa. In sun koma sai su bi gida-gida suna koyarwa. Mace na daka tana rera waƙar da ke koya mata farillan alwala, tana kaɗi tana rera tarihin Annabi (S.A.W.). Waɗannan mata su ake kira 'Yan Taru. Ban da koyarwa, sukan sasanta masu faɗa, su yi wa mata wankan gawa, su kula da marasa lafiya.

Ba ta tsaya ga hana mata zuwa wurin 'yan bori kawai ba, ta ba su madadi. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani, inda ta tattaro ayoyi da addu'o'in da ake neman waraka da su. Da fari ya addabi ƙasa, ta tsara waƙar roƙon ruwa da Hausa. Ƙanenta Malam Isa, autan Shehu, ya taimaka wajen mayar da wasu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa don amfanin waɗannan mata.

In kana son sanin halin Nana, dubi waɗanda ta yi wa marsiyya. Ta yi wa sarki da waziri da manyan malamai. Amma kuma ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, ta yi wa maƙwabciyarta Halima. Abin da take yabo a kansu duka iri ɗaya ne: haƙuri, da kyauta, da sada zumunci, da tsoron Allah. Ba ta auna mutum da sarauta.

ZANGO NA ƘARSHE: HUBBARE

Mun dawo Sakkwato. Ba nisa da Masallacin Shehu akwai Hubbare, gidan da Shehu ya zauna kuma aka binne shi. Nana Asma'u ta rasu a 1864, daidai da 1280 ta Hijira, tana da shekara 70 da 'yan kai, aka binne ta a nan kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru bayanta.

Ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a wazirci, kuma sarautar ta daɗe a zuriyarta. Daga cikinsu akwai Waziri Junaidu, babban malamin tarihi da ya rasu a 1997, wanda ya adana takardunta a ɗakin karatunsa. Da taimakonsa wata Baturiya mai suna Jin Boyid, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta yi shekaru tana nazarin takardun. A 1997 ita da wata malamar jami'a daga Amurka suka buga ayyukan Nana a littafi guda tare da fassarar Turanci. Yau ana karanta ta a jami'o'in ƙasashen da ba ta taɓa jin sunansu ba. Abin kunya ne a ce na nesa sun san waƙoƙinta, mu da muke jin harshen da ta yi su ba mu sani ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

An ce gani ya kori ji. Makarantar da Allah Ya hore wa hali, ya kamata ta shirya wa ɗalibanta ziyara, ko da zuwa Sakkwato ne kaɗai: a ga Hubbare da Masallacin Shehu da Giɗaɗawa, a shiga gidan adana tarihi da aka sa wa sunan Waziri Junaidu a ga tsofaffin takardu da ido. Sai dai a yi hattara. A shekarun baya-bayan nan wasu hanyoyi, musamman wajen Gudu da gabashin jihar Sakkwato, sun sha fama da 'yan bindiga, don haka kada a ɗebi yara a nufi ko'ina sai an tuntuɓi hukuma da mutanen wurin. In an je maƙabarta kuma a kiyaye ladubban da aka koya muku: a yi sallama, a yi wa mamata addu'a, a tuna lahira, roƙo kuwa ga Allah Shi kaɗai ake yi.

Wanda bai sami zuwa ba, akwai ziyarar da ba ta bukatar kuɗin mota. Je ka wurin kakarka ka tambaye ta ko ta san wata waƙar wa'azi da ta koya a bakin tata kakar, ka rubuta ta kafin ta tafi da ita. Duba gafakar kakanka da tsohon akwatin da ke ƙarƙashin gado. In ka ga takardun ajami, kada ka bari gara ta cinye ko a zuba su a wuta, kai wa malaminka ya duba. Ku kuma dage da koyon ajamin nan, domin shi ne mabuɗin waɗannan takardu.

Ku kuma iyayenmu, ga tambaya. Sau nawa ake cire yarinya daga Islamiyya saboda talla, ko don an ce zamani ya yi wuya, ko don an sa mata rana? Kun dai ji halin da Nana ta yi karatu: maraici a Degel, hijira zuwa Gudu, yunwa a sansani, aure da 'ya'ya a Sakkwato. Babu zango ɗaya da aka ce a ajiye allo sai ƙura ta lafa. Mahaifinta ya koyar da ita, yayanta ya ƙarfafa ta, mijinta bai tare mata hanya ba. In an sa wa 'yarku rana, ku sa ci gaban karatunta cikin maganar da za a yi da dangin miji tun kafin a ɗaura.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifinta da sauran malamanmu, Ya haskaka kaburburansu. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya ba 'ya'yanmu maza da mata ilmi mai amfani da aiki da shi, amin.